Jirgin Kafaran Illo

Illo ya dawo Matameye a bayan wata kamiyo, babbar motar kaya da ta zo ɗaukar gyaɗa, wata biyu bayan girbin 1956. Rabonsa da garin shekara goma sha uku. An tafi da shi soja yana saurayi, aka gama yaƙin Jamus bai dawo ba, ya zarce Andoshin, wata ƙasa can gabas mai nisa, yana aiki a garejin jiragen sama, yana wanke injina yana ba su mai. A can ne wata gangar mai ta kama wuta, ta ci masa hannun hagu har kusa da gwiwar hannu. Kaya biyu ya sauka da su: adakar ƙarfe, da wani dogon akwatin katako da bai yarda kowa ya jefa shi ƙasa ba.

Yayarsa Habi ya tarar a gidan mahaifinsu, ita kaɗai. Mijinta ya rasu, 'ya'yanta duk sun yi aure a wasu garuruwa, ita kuma ta dawo gida tana sana'ar man gyaɗa da ƙuli-ƙuli. Tana juya gyaɗa a kasko ya yi sallama. Ta dubi fuskarsa, ta dubi hannun rigar da aka naɗe aka maƙale da fil, ta tashi ta ɗebo masa ruwa a ƙwarya.

"Sannu da hanya," ta ce.

"Yaya, ina Inna?"

"Bana shekara huɗu da rasuwarta."

Ya tsaya riƙe da ƙwaryar bai sha ba. Habi ta koma ga kaskonta, don gyaɗa ta fara ƙauri. Da yamma ta share masa ɗakin da ke kusa da zaure, ta kai masa tuwo ta ajiye a bakin ƙofa. Haka zamansu ya ci gaba: tuwo a bakin ƙofa, gaisuwa da safe, sauran yini kowa yana ɓangarensa.

Makon farko zauren bai rabu da mutane ba. Suna kiransa Kafaran, muƙamin da ya fito da shi daga soja, suna tambayarsa labarin teku da ƙanƙara, da ko gaskiya ne mutanen Andoshin shinkafa kawai suke ci. Da labarin ya ƙare sai ƙafa ta ɗauke. Sa'o'insa duk sun tafi cin rani. Harisu, abokinsa na yarinta, yana Ikko yana ga-ruwa, wasu suna Kano, wasu Jos. Garin ya rage tsofaffi da mata da yara. In ya zauna a majalisar dattawa, maganar gona ake yi da auren wance da rigimar wane, mutanen da bai sani ba ko ya manta da su. Wani lokaci kalmar Faransanci takan kuɓuce masa, a yi dariya. Alwala a gida yake yi, don kada a tsaya kallon yadda yake tokare buta da dungun hannu. Ya je masallaci ya tsaya a sahun ƙarshe, ana sallama ya fice.

Sai da ya yi wata guda kafin ya buɗe dogon akwatin. Jirgin sama ne a ciki, ƙarami, tsawon fiffikensa kusan gaba guda. An yi shi da wani katako marar nauyi, an lulluɓe da siliki, an shafa masa jan fenti. Shi da wani nasara mai suna Marsel suka haɗa shi a asibitin sojoji a kudancin Faransa, inda suka yi shekara ɗaya da rabi gado kusa da gado. Marsel ma'aikacin rediyo ne, ƙafafunsa biyu aka yanke. Shi ya haɗa ɗan rediyon da ke cikin jirgin da akwatin da ake sarrafa shi daga ƙasa, Illo kuma ya kula da inji. Ran Lahadi Illo kan tura keken Marsel zuwa filin bayan asibiti, Marsel ya ɗora jirgin a cinya ya zuba mai, Illo ya buga farfela. Marsel bai fita asibitin da rai ba. Ƙanwarsa da ta zo kwasar kaya ta ce ba ta da inda za ta sa abin wasa, ta bar wa Illo.

Marsel ya so jirgin ya yi kama da na gaske, saboda haka ya rufe hancinsa ruf da murfin sanholo. Ba a ganin inji, ba a ganin tankin mai. Abin da ya leƙo waje kawai 'yan bututu biyu ne na tagulla a ƙarƙashin hancin, kaurinsu bai fi tsinken tsintsiya ba. A ɗaya ake cusa tiyo, a matsa mai da wata 'yar roba mai kamar ƙwai. In tanki ya cika sai man ya fito ta ɗayan. Ban da wannan babu yadda mutum zai san ya cika. Kuma dole a karkata jirgin hanci sama, a danne tiyon a bakin bututu kada ya zame, a matsa robar, duk a lokaci guda.

Man jirgin abu uku ake haɗawa: kananzir, man zurma, da eter, wato ruwan nan da likita ke shaƙa wa mutum ya yi barci kafin a yi masa aiki. Gwangwanin man da Illo ya taho da shi ya bushe a hanya, sai wani abu mai danƙo a gindi. Kananzir akwai a kasuwa. Eter kuwa Tanko, direban kamiyon da ta kawo shi gari, shi ya samo masa kwalba ɗaya a Damagaram bayan ya yi ta masa naci. Illo ya binne kwalbar cikin jiƙaƙƙen yashi a gindin randa, don zafi yana shanye eter ko da a toshe yake. Saura man zurma.

Zurma ta fito da kanta a bayan gari, wajen rijiyoyin lambu. Ya yi kwana uku yana tsinko 'ya'yanta yana zubawa a hula. Rana ta huɗu ya jawo turmin Habi.

"Me za ka sa mini a turmi?" ta tambaya daga bakin ɗaki.

"Zurma ce, Yaya. Mai nake so."

"Zurma! A turmin da nake daka abincin mutane? Guba ce fa. So kake in kashe rabin gari?"

Ta janye turminta. Ya samo wani tsohon turmi da ya tsage a bayan rumbu, ya dinga daka da hannu ɗaya, taɓarya tana gocewa, 'ya'yan suna tsalle suna watsewa. Habi tana aikinta tana satar kallonsa. Can dai ta kasa haƙuri.

"Ɗanye kake dakawa? Wa ya koya maka? Sai an soya, a daka, a tafasa da ruwa, man ya taso a yaɗe shi. Tashi, kana ɓata mini rai."

Ta nemo fasasshen kasko da wata tukunya da ta daina amfani da ita, ta yi aikin a can ƙarshen gida, nesa da kayan sana'arta. Washegari ta tace man sau uku da tsumma mai tsabta, ta miƙa masa kwalba cike, yana sheƙi kamar zuma. Ba ta tambaye shi abin da zai yi da shi ba, shi ma bai faɗa ba.

Akwai wani fako kudu da gari, mai faɗi, ƙasarsa da tauri kamar daɓe, ba a noma shi. Wata Talata gari na wayewa Illo ya goya akwatin rediyo da tsohon rawani, ya rataya jakar kwalabe a wuya, ya ɗora jirgin a ka, ya bi ta bayan gari don kada a gan shi. A fakon ya ɗaura fiffike, ya haɗa mai a gwangwani, ya zuƙo shi cikin robar. Sannan ya zauna a ƙasa, ya matse jirgin tsakanin gwiwoyinsa, ya cusa tiyo a bututu. Yana sakin tiyon don ya matsa roba sai ya zame, mai ya tsirta a ƙasa. Ya sake, ya sake zamewa. Ya gwada danne shi da dungun hannu, dungun ya yi wa wurin girma. A karo na biyar sai ya sunkuya ya kama tiyon da haƙora, ya danna shi a bakin bututun, ya matsa.

Man ya fara shiga, amma wani yana biyo gefe yana zubo masa a leɓe. Eter ya yi masa sanyi a baki, sannan ya fara ƙuna, warin ya cika masa hanci. Ya ce bari ya daure, saura kaɗan. Kunnuwansa suka ɗauki ƙara. Warin ya komar da shi ɗakin da aka yanke masa hannu, har yana ganin farar fitila a kansa. Daga nan bai san abin da ya faru ba.

Da ya farka rana ta ɗaga sosai. Yana kwance a gefe, rigarsa jiƙe da mai, gwangwani ya kife, ƙudaje suna bin bakinsa. Babu kowa a fakon sai wasu awaki can nesa. Ya yi amai, ya zauna har jiri ya lafa. Ba wanda ya ga faɗuwarsa, ba wanda ya ga tashinsa. Ya kwance fiffiken, ya ɗauki kayansa ya koma gida. Rabin eter ya tafi a banza.

Habi ta ji warin tun daga zaure. Ta ga leɓensa ya kumbura ya yi fari.

"Me ka sha?"

"Ban sha komai ba."

Ya gaya mata yadda aka yi a taƙaice. Ta saurara tana murza ƙuli-ƙuli, ba ta ɗago kai ba.

"Hannu nake buƙata, Yaya," ya ce. "Na ɗan lokaci kaɗan. Ki riƙe mini tiyo kawai."

"Hannu," ta ce. Ta ajiye abin da take murzawa. "Wata bakwai Inna ta yi a kwance. Ni ke juya ta, ni ke wanke ta, ni ke ɗaga ta. Ni ma na nemi hannu a lokacin. Kana ina?"

"Ban sani ba. Ba wanda ya rubuto mini."

"Wa zai rubuta? Zuwa ina? Takarda ɗaya ka aiko a shekara goma sha uku. Muka kai wa tafinta ya karanta mana, layi huɗu. Ta sa na ɗinke ta a fata, tana sawa ƙarƙashin matashi. In mota ta tsaya a kasuwa sai ta ce in je in duba."

Illo ya buɗe baki zai ce ya aiko wasu, sai ya tuna bai aiko ba. Kullum cewa yake sai ya samu hutu ya zo da kansa.

"Yanzu ka dawo da abin wasan yara," in ji Habi, "kana so mace mai jikoki ta bi ka daji ta riƙe maka igiya. Bar ni in yi aikina."

Kwana tara ba su yi wata magana ba bayan gaisuwa. Ya zauna ɗaki da jirgin. Ya danne shi da ƙafa, ya kwance kusoshi huɗu na murfin hancin, ƙanana kamar ƙwayar dawa, ya goge man da ya zube a ciki, ya mayar. Ya ciro pil, wato batiran da ke ba rediyon wuta, ya ɗora a harshe. Da ƙyar ya ji ɗan cizo. Zafi ya cinye su, kuma irinsu babu ko a Damagaram. Ya san in zai tashi jirgin, to yanzu ne.

Safiya ta goma ya sake ɗaura kayansa. Yana fita zaure ya ji taku a bayansa. Habi ce, ta yafa mayafi, riƙe da goran ruwa.

"In ka mutu a fako ni za a zaga," ta ce. "Wuce mu tafi."

Da suka isa ya nuna mata bututun biyu. Ta durƙusa ta leƙa ƙarƙashin hancin jirgin, ta shafa su da yatsa.

"Ina tukunyar man take?"

"Tana ciki. Ba a ganinta."

"To wane irin mutum ne zai rufe mazubi ya ce a cika?"

"Wani abokina ne. Kyau yake so."

"Yana ina?"

"Ya rasu."

Ta ce Allah ya ba shi haƙuri. Sannan ta karɓe tiyon da robar duka biyu daga wurinsa.

"Kai riƙe abinka, ka kau da fuska."

Ya karkata jirgin a cinyarsa, hanci sama. Yatsunta da suka yi shekara da shekaru suna ɗura mai a kwalabe masu ƙaramin baki suka danne tiyon, bai ko motsa ba. Ta matsa robar a hankali, ta kasa kunne kusa da murfin.

"Yana shiga. Ina jinsa."

Ta sake cika robar ta matsa. A ta uku ta rage ƙarfi tun kafin ya yi magana.

"Ya kusa," ta ce.

"Ta yaya kika sani?"

"Ƙarar ta canza."

Ɗigo ɗaya ya fito a bakin ɗaya bututun, ya tsaya yana rawa. Ta zare tiyo, ta toshe gwangwani. Ko kaɗan bai zube a ƙasa ba.

Ta riƙe jelar jirgin da hannu biyu yadda ya nuna mata, shi kuma ya durƙusa a gaba yana buga farfela da yatsa. Sau goma, sau ashirin, ba komai. Ya ɗan murɗa wani ɗan kunne da ya fito a saman murfi, ya sake bugawa. Injin ya yi tari, ya tofar da hayaƙi, sannan ya kama da wata ƙara mai tsini kamar an cusa ƙudan zuma cikin gwangwani. Habi ta yi salati amma ba ta saki ba. Warin ƙonannen man zurma ya bugi fuskarta.

Illo ya koma ga akwatin rediyo da ya kafa wa dogon ƙarfe, ya ɗauki maɓallin da ke bakin waya. In ya danna sau ɗaya jelar jirgi ta karkata dama, sau biyu ta karkata hagu. Ya gwada, ta amsa.

"Saki, Yaya!"

Jirgin ya ruga a kan fakon yana tsalle da ƙananan tayoyinsa, ya ɗaga jela, ya bar ƙasa. Ya haura sama da kan wata tsamiya. Illo ya danna, jirgin ya juyo dama ya zagayo ta kansu, jan cikinsa yana ƙyalli da mai. Habi ta dafe mayafinta da ya zame, baki buɗe.

"Kai kake juya shi? Daga nan?"

"Ni ne."

"To juya shi can."

Ya danna sau biyu, jirgin ya bi inda ta nuna. Ta yi dariya, dariyar da bai ji ba tun kafin a tafi da shi soja.

A zagaye na uku ya danna, jirgin bai amsa ba. Ya sake, ya jijjiga waya, ya buga akwatin da ƙafa. Jirgin ya ci gaba da wani babban zagaye nasa na kansa, kowane zagaye yana ƙara yin sama, iska tana tura shi kudu. Tankinsa cike yake, kuma babu yadda za a kashe injin daga ƙasa.

"Kira shi mana," in ji Habi.

"Ba ya ji. Pil ya mutu."

Suka tsaya suna kallo. Jirgin ya koma kamar shirwa, ya koma kamar ƙuda. Ƙarar ta daɗe tana zuwa bayan ido ya daina ganinsa, sannan ita ma ta ɗauke.

"Ko na cika shi da yawa?" ta tambaya.

"A'a, Yaya. Daidai kika cika."

Ya karɓi goran ruwan daga hannunta, ya ce ta kai akwatin gida, zai duba nan kusa. Ya bi hanyar garin Ɗan Barto, ta kudu.

Kwana uku ya yi yana nema. Ya shiga ƙauye ya fita, yana tambaya ko an ga wani jan abu mai fiffike. Wasu sun ji ƙara, ba su ga komai ba. Wani tsoho ya ce ya gani da idonsa, amma da aka ja zance sai ya zama tauraro mai wutsiya ne ya gani yana yaro. Wasu suka ɗauka taɓin hankali ne, suka ba shi fura suka lallaba shi ya wuce. Yakan kwana a zauren mai gari ko a masallaci, da safe ya shiga gonakin da aka girbe yana duban sama da ƙasa, ƙarangiya ta cika masa wando.

Rana ta uku da hantsi ya hango ja a saman wani gawo, bayan wani ɗan ƙauye mai gida bakwai. Jirgin ya maƙale a reshen can ƙoli, hanci ƙasa, iska tana ɗan kaɗa shi. Illo ya zagaya gawon. Ya rungumi kututturen da hannu ɗaya ya ɗaga ƙafa, ya sauke. Ya ɗauki dutse zai yi jifa, ya ji tsoron huda silikin, ya yar. Ya zauna a inuwa yana kallonsa har rana ta yi tsaka.

Can sai ga wata mata da awaki, riƙe da doguwar ƙugiyar da ake kakkaɓo 'ya'yan gawo da ita. Suka gaisa, ta ce sunanta Ladi.

"Naka ne wannan?" ta tambaya. "Kwana uku ba mu matso gindin iccen nan ba. Mun ɗauka jifa aka yi wa wani."

"Nawa ne. Babu namijin da zai hau mini?"

"Maza duk suna Kano. Sai Baba Isufu, shi kuwa ko gado sai an taimaka masa yake hawa."

Ta ɗaura wani dogon icce a ƙugiyar ta ƙara mata tsawo, ta miƙe a kan yatsun ƙafa, ta yi ta lalube har ta saƙalo jelar. Illo ya tsaya a ƙasa da hannu a sama. Jirgin ya kuɓuto, ya bugi reshe biyu, ya wuce hannunsa ya daki ƙasa. Fiffiken dama ya karye gida biyu, murfin hanci ya lotse, farfela ta tsage.

"Wayyo, na ɓata maka!" in ji Ladi.

"Ba ke ba ce. Na gode."

Ta kwance igiyar da ke ƙugiyar ta ba shi, ta taya shi ɗaure guntayen. Ya ɗora a ka ya kama hanya.

Ya iso gida washegari da la'asar. Ƙofar Habi an sake mata asabari, murhu a sanyaye, akuyarta tana kuka a turke. Maƙwabciyarsu Saratu ta leƙo ta kan danga.

"Ba ku haɗu ba? Jiya wani ya ce ya ga mai hannu ɗaya wajen ƙauyen Dungu. Tun da safe ta bi."

Shi kuwa ko kusa da Dungu bai je ba. Ya so ya bi ta, Saratu ta ce in ya tafi sai su yi ta saɓani har damina ta faɗi, ya zauna ya jira. Ya zauna. Ya ba akuyar harawa, ya ja ruwa a rijiya yana take igiyar guga da ƙafa, ya cika randa. Akwatin rediyo yana ɗakinsa, an lulluɓe shi da zane don kada kaji su hau. Bai taɓa jin gidan shiru haka ba, babu daka, babu ƙarar kasko. Duk motsin da ya ji a zaure sai ya tashi ya leƙa.

Sai washegari da azahar ta dawo, a kan jakin wani dattijo mai suna Inusa, mai sayar da kanwa, mutumin Icirnawa. A hanya ya tsince ta zaune a gindin wata kuka, ƙafafu sun kumbura, ya sauke buhu ɗaya ya ɗauka a ka, ya ɗora ta. Ta sauka da ƙyar, ta dubi Illo daga sama har ƙasa, ta dubi tarkacen da ke jingine a bango.

"Ka same shi."

"Na same shi."

"Zai gyaru?"

"Fiffike zai gyaru. Rediyon ne ba shi da abinci."

Ta zauna a kan kifaffen turmi. Ya ɗebo ruwa a kwano, ya durƙusa ya zuba mata a ƙafa, ta bar shi. A dugaduganta akwai ƙaya biyu da suka nutse. Ya ɗauko matsefatar da yake gyaran inji da ita ya ciro su.

"Gobe ka zauna gida," ta ce. "Ni ba zan iya tsayuwa ba, kuma gyaɗar kasuwa tana jira. Juya kasko ba ya son hannu biyu."

Jirgin bai sake tashi ba. Illo ya ɗora fiffiken, ya buga murfin ya miƙe, amma Tanko ya yi cigiyar pil har Kano bai samu irinsu ba. Illo ya rataye shi a azarar ɗakinsa. Ya iya suyar gyaɗa, ya iya sanin lokacin da ta yi ta hanyar ƙamshi. Da kaka wani attajirin Damagaram, Alhaji Abdulra'uf, ya kawo injin ɓarar gyaɗa ya kafa a bakin gari, ya nemi wanda ya san inji, aka nuna masa Illo. Ya kama aiki a can. Ƙarar injin ba ta barin kowa ya ja shi da hira, kuma hakan bai dame shi ba.

Malam Inusa ya ci gaba da tsayawa a ƙofar gidan duk ranar kasuwa, wai yana tambayar lafiyar ƙafa. Ƙafa ta warke tuni, bai daina tambaya ba. Bayan shekara biyu ya aiko dattawa. Illo ne kaɗai namijin da ya rage a gidan, saboda haka shi ya ba da auren yayarsa. Ran tarewa ya raka ta har Icirnawa, yana tafe a bayan jakunan da suka ɗauki turminta da kaskonta da tukwanenta.

"Akwai ɗaki a nan," ta ce masa da zai juyo. "Malam ya ce ka zauna."

"Wa zai kula da injin Alhaji?"

"To ka riƙa zuwa."

"Zan riƙa zuwa, Yaya."

Ta ɗaura masa ƙuli-ƙuli a bakin rawani, ta tsaya a ƙofar sabon gidanta har ya sha kwana. Ya iso Matameye kasuwa tana shirin watsewa. Ya tsaya wurin masu tukwane, ya daɗe yana ƙwanƙwasa su da yatsa, sannan ya zaɓi wata 'yar ƙarama wadda za ta ishi mutum ɗaya, ya rungume ta ya nufi gida.